Darasi na 14: Makarantar Kyauta da Masu Ɗaukar Nauyinta

Gabatarwa

Nassin wannan darasi ya yi bayani ne a kan yadda ake tafiyar da makarantar firamare ta kyauta domin marayu da 'ya'yan talakawa, tare da misali daga birnin Maiduguri. Ana son ɗalibi ya karanta shi sau biyu, na farko a zuci, na biyu a bayyane, kafin ya duba ma'anar kalmomi. Ya kuma lura da aikatau irin su "ciyar da" da "koyar da", domin a kansu nazarin harshe zai fi tsayawa.

Nassi

1. Ilimi kyauta a bisa doka

Maganar ilimin firamare kyauta ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Gwamnatin Jihar Yamma ce ta fara aiwatar da shi a 1955, zamanin Cif Obafemi Awolowo. A watan Satumba na 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shi a duk faɗin ƙasar, a ƙarƙashin shirin da aka fi sani da UPE. Da Obasanjo ya dawo mulki a matsayin farar hula, sai ya ƙaddamar da wani sabon shiri mai suna UBE a Sakkwato a 1999. A 2004 kuma aka kafa dokar da ta ce karatun shekara tara, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi ne a kan kowane yaro.

Duk da haka, a shekarun 2010 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya ƙiyasta cewa yara miliyan 10.5, 'yan shekara 5 zuwa 14, ba sa zuwa makarantar boko a ƙasar, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Dalilan suna da yawa. Akwai ƙarancin azuzuwa da malamai, akwai nisan makaranta daga wasu ƙauyuka, akwai kuma tsohon zargin da wasu iyaye ke yi wa boko. Amma akwai dalili guda wanda ba a cika ganinsa a takardun ofis ba, sai an shiga cikin gida.

2. Lissafin uwar marayu

A ɗauki misalin matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu a ɗakin haya. Ta gama takaba, 'yan gaisuwa sun watse, abin da dangi suka kawo ya ƙare. Makarantar gwamnati tana nan a unguwa, kuma ba a karɓar kuɗin karatu. Sai dai kafin yaro ya zauna a aji ana bukatar yunifom da takalmi da littattafan rubutu da fensir. A makarantu da dama akan nemi kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ko na jarrabawa a ƙarshen zango. Ga kuma kuɗin tara kowace safiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba wani abu ba ne ga mai albashi, amma idan aka haɗa su aka ninka sau huɗu, sun fi ƙarfin wadda ba ta da tabbacin abincin dare.

Wannan ma shi ne ƙaramin ɓangaren lissafin. Babban ɓangaren shi ne abin da gidan zai rasa idan yaro ya tafi makaranta. Mace da yawa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta daga cikin gida take sana'arta. Ita ke suyar ƙosai ko dambun nama, ita ke dama fura ko ƙulla gyaɗa, amma 'yarta ce ke ɗaukar faranti ta kai wa masu saye. Da cinikin tallar nan ake ɗora tukunya, daga cikinsa ake zubin adashi, da adashin kuma ake tara kayan ɗakin yarinyar. Ɗa namiji shi ma yakan samo wani abu daga dako ko turin baro ko zaman gareji. Saboda haka duk awar da yaro ya yi a aji, daga cikin awannin neman abincin gidan aka cire ta.

Idan ma uwar ta daure ta tura shi, yaron da ya fito bai karya ba ba ya jin abin da malam ke faɗa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Daga nan sai fashi ya fara, yau ya zo gobe bai zo ba, har a wayi gari sunansa kawai ya rage a rajista. Wanda duk ya yi niyyar buɗe makaranta domin irin waɗannan yara, wajibi ne ya amsa tambayoyi uku tun kafin ya sayi allo da alli: me yaron zai ci, me zai sa, kuma da me za a cike gurbin da ya bari a gida?

3. Yara 36 a Maiduguri

Maiduguri, wadda mutanenta ke kira Yerwa, ita ce babban birnin Jihar Borno, jihar da ta yi iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru. Gari ne na Barebari, amma Hausa tana cikin manyan harsunan kasuwa da mu'amala a cikinsa. Tun zamanin da, Borno ta yi suna wajen karatun Alƙur'ani, har almajirai kan tafi can daga ƙasar Hausa, abin da ake cewa tafiya gabas.

A wannan birni ne wani lauya mai suna Zannah Mustapha, wanda ya daɗe yana aiki a kotunan Shari'a, ya buɗe makarantar firamare a 2007 a ƙarƙashin gidauniyar Future Prowess. Da yara 36 aka fara, marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi. Ba a karɓar ko sisin kwabo. Makarantar ce ke ciyar da ɗalibai, ita ke ba su yunifom, ita kuma ke kula da lafiyarsu. Ana koyar da ilimin addinin Musulunci tare da na boko a wuri guda. Wannan haɗi yana da muhimmanci, domin yana kwantar da hankalin mahaifin da ke tsoron kada boko ya raba ɗansa da addini, ya kuma sauƙaƙe wa yaro zirga-zirga tsakanin makarantu biyu.

Shekara biyu da buɗe makarantar, a watan Yuli na 2009, aka yi mummunan artabu a Maiduguri tsakanin jami'an tsaro da mabiya ƙungiyar da jama'a suka laƙaba wa suna Boko Haram. Ɗaruruwan mutane suka mutu, shugaban ƙungiyar Muhammad Yusuf ma aka kashe shi a hannun 'yan sanda. Rikicin bai tsaya nan ba. A 2017 UNICEF ta bayyana cewa daga 2009 an kashe malaman makaranta fiye da 2,295 a Arewa maso Gabas, an raba wasu 19,000 da wuraren zamansu, an kuma lalata makarantu kusan 1,400. A cikin Maiduguri kanta an rufe makarantun gwamnati da dama a 2014, wasu suka koma sansanonin 'yan gudun hijira. Makarantar marayun nan ba ta rufe ƙofarta ba a tsawon wannan lokaci.

4. 'Ya'yan ɓangarori biyu a benci ɗaya

Rikicin ya kawo wa makarantar wata tambaya mai wuyar amsa. Marayun da suka cika gari iri biyu ne. Akwai 'ya'yan sojoji da 'yan sanda da sauran jama'ar da 'yan ƙungiyar suka kashe, akwai kuma 'ya'yan 'yan ƙungiyar da suka mutu a hannun jami'an tsaro. Waɗannan na biyun da iyayensu mata sun shiga halin tsangwama. Maƙwabta na gudunsu, dangi ma wani lokaci suna tsoron a gan su tare da su.

Shawarar da makarantar ta yanke ita ce ta karɓi kowa. Ba a kama ɗa da laifin ubansa. Aka zaunar da 'ya'yan ɓangarorin biyu a aji ɗaya, da yunifom iri ɗaya, suna cin abinci daga tukunya ɗaya, Musulmi da Kirista, maza da mata. A nan yunifom ya yi wani aiki da ya wuce suturta jiki, domin ya ɓoye bambancin da ke tsakanin gidajen da yaran suka fito. Shawarar tana da haɗari ta fuska biyu: hukuma na iya zargin mai makaranta da goyon bayan 'yan tawaye, su kuma 'yan tawayen boko ne babban abin da suke yaƙa. Abin da ya tsare makarantar shi ne kowane ɓangare ya san ɗansa na ciki, kuma ba a nuna masa 'yatsa.

Tambaya ta uku, wato gurbin da yaro ya bari a gida, ba a amsa ta a cikin aji. Saboda haka aka kafa ƙungiyar gama-kai ta matan da mazansu suka rasu, wadda zuwa 2017 take tallafa wa mata kusan 600. Zannah Mustapha ya kuma ba iyalai 800 na 'yan gudun hijira filin noma, tare da injin ban-ruwa. Hikimar a fili take. Uwar da ke da jari da sana'ar da za ta riƙe ta ba ta da bukatar cire 'yarta daga aji domin talla.

Amanar da aka gina a makarantar ta yi rana a wani wurin da ba a zata ba. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta garin Chibok. Da aka zo neman wanda ɓangarorin biyu za su yarda da maganarsa, Zannah Mustapha na cikin waɗanda suka shiga tsakani, tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross da gwamnatin Suwizalan. Aka sako 'yan mata 21 a watan Oktoba na 2016, sannan 82 a watan Mayu na 2017. A shekarar 2017 ɗin ne Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen, wadda ta zo da dalar Amurka 150,000 domin ci gaba da aikin. A lokacin ɗaliban makarantar sun kai 540, kuma 282 daga cikinsu mata ne. An riga an buɗe makaranta ta biyu a 2016, mai ɗalibai 88.

5. Nauyin da ba ya sauka

Makarantar kyauta, a gaskiya, wani ne ke biya, illa dai ba iyayen yaran ba ne. Gini sau ɗaya akan yi shi, kuma masu hannu da shuni sun fi son ba da gudummawar gini, domin abu ne da ido ke gani. Abincin yara da albashin malamai kuwa kullum ne, wata bayan wata, kuma su ne suka fi wuyar samun mai ɗauka. Idan albashi ya yi ƙaranci ko ya yi jinkiri, ƙwararren malami yakan koma inda aka fi biya, a bar 'ya'yan talakawa da wanda bai sami wani wurin ba. Idan kuma makaranta ta dogara ga mai taimako guda, ranar da ya janye hannunsa tukunya ta mutu.

Al'ummar Musulmi ta daɗe da hanyoyin ɗaukar irin wannan nauyi. A makarantar allo ba a yanka wa ɗalibi kuɗi, sai ɗan abin da ya samu na kuɗin Laraba, unguwa kuma ita ke ciyar da almajirai. Akwai zakka da sadaka, akwai kuma waƙafi, inda mutum kan tsayar da gona ko gida ko rumfar kasuwa, a riƙa amfani da abin da suke samarwa wajen aikin alheri ba tare da an sayar da su ba. Ga makarantar da ke son ta daɗe bayan ran wanda ya kafa ta, waƙafi ya fi sadakar lokaci guda amfani, domin shi ne ke kawo kuɗi a kai a kai kamar yadda kashewa take a kai a kai. Sharaɗinsa shi ne riƙon amana da rubuta shiga da fita, yadda duk mai tambaya zai ga inda kuɗinsa ya tafi.

Aiki mafi ɗaci ga shugaban irin wannan makaranta shi ne zaɓe. A 2017, lokacin da makarantar Maiduguri ke da ɗalibai 540, wasu yara kimanin 2,000 suna cikin jerin masu jiran gurbi. Wato a kan kowane yaro guda da ke cikin aji, akwai kusan huɗu a bakin ƙofa, kuma babu wanda za a ce bai cancanta ba. Wannan adadi ya isa ya nuna iyakar ƙoƙarin mutum ɗaya, ko da ya kai na Zannah Mustapha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma alhakin da dokar 2004 ta ɗora wa gwamnati yana nan a wuyanta. Abin da makarantar ta tabbatar shi ne, idan aka ciyar da yaro, aka tufatar da shi, aka kuma kama wa mahaifiyarsa, to talauci da maraici ba sa hana shi zama a aji.

Ma'anar Kalmomi

takaba: zaman wata huɗu da kwana goma da mace Musulma ke yi bayan rasuwar mijinta.
kuɗin tara: 'yan kuɗin da akan ba yaro domin sayen abin taɓawa a lokacin hutun safe a makaranta.
talla: yawo da kayan sayarwa a ka, gida gida ko a bakin hanya.
adashi: tara kuɗi a tsakanin mutane, kowa ya zuba, a riƙa kwasa ɗaya bayan ɗaya.
kayan ɗaki: gado da kwanuka da sauran abubuwan da iyaye ke yi wa amarya.
dako: ɗaukar kayan wani domin a biya mutum lada.
fashi: ƙin zuwa makaranta ko wurin aiki a ranar da ya kamata a je.
artabu: faɗa mai tsanani.
tsangwama: ƙyamar mutum da matsa masa a cikin jama'a.
masu hannu da shuni: mawadata.
yi rana: yi amfani a lokacin da ake bukata.
jinka: rufin ciyawa na ɗaki, wanda akan haɗa a ƙasa sannan mutane da yawa su ɗaga shi su ɗora.

Nazarin Harshe

(a) Aikatau giredi na biyar. Irin wannan aikatau yana ƙarewa da "-ar", kuma "da" na biye da shi idan akwai karɓau. Sau da yawa yana nuna sa wani ya yi abu, ko fitar da abu daga hannun mai aikatawa: ci, ciyar da, koya, koyar da, zauna, zaunar da, saya, sayar da, fita, fitar da. A lura da bambancin "ya koyi Larabci" da "ya koyar da Larabci". Wasu suna da gajeriyar siga: bayar da, ba da, fitar da, fid da, mayar da, mai da. Kafin wakilin suna kuma akan ji wata siga mai "-she", kamar "ya cishe su" da "ya fisshe su".

(b) "Akan" da "a kan". Idan ana nufin abin da aka saba yi, wato lokaci sabau, a haɗe ake rubutawa: akan nemi kuɗin jarrabawa, yakan samo wani abu, sukan makara. Idan kuwa ana nufin bisa abu ko game da shi, a rabe ake rubutawa: wajibi ne a kan kowane yaro, littafi yana a kan tebur.

(c) Ararrun kalmomi. Daga Larabci Hausa ta aro ilimi, ɗalibi, littafi, zakka, sadaka, waƙafi da amana. Daga Turanci ta aro firamare, sakandare, yunifom, fensir, benci, rajista da lauya. Borno ma tana da nata kaso. Masanin harshe Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa. Haka nan sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima daga Borno suka samo asali.

Auna Fahimta

1. Waɗanne shirye-shiryen ilimi kyauta aka ambata a sashe na farko, kuma a waɗanne shekaru aka fara su?
2. Me ya sa nassin ya ce kuɗin yunifom da littattafai su ne ƙaramin ɓangaren lissafin uwar marayu?
3. Ta yaya makarantar Maiduguri ta amsa kowace ɗaya daga cikin tambayoyi ukun da ke ƙarshen sashe na biyu?
4. Wane haɗari ke tattare da karɓar 'ya'yan ɓangarorin biyu, kuma wane amfani ya biyo baya?
5. Mene ne bambancin sadaka da waƙafi wajen tafiyar da makaranta?
6. A bayyana ma'anar karin magana biyu da suka zo a nassin, a kuma sa kowanne a cikin sabuwar jimla.
7. A tsamo aikatau biyar na giredi na biyar daga nassin, a faɗi asalin kowanne.

Jinga

Ɗalibi ya rubuta shafi biyu a kan wata makarantar kyauta, ko ta marayu, ko ta al'umma da ya sani a ƙasar da yake zaune, a zango take ko a cikin gari. Ya bayyana wanda ke biyan malamai, da abin da iyaye ke kashewa duk da cewa karatun kyauta ne, da kuma sunan da ake kiran kuɗin tara da talla da adashi a Hausar wurinsu. A kawo aikin a darasi mai zuwa domin tattaunawa a aji.